Lasisin Bindiga da Ka'idojin Farauta ga Mai Farawa a Ghana

Farauta halal ce a shari'a. Allah Maɗaukaki ya halatta ta a Suratul Ma'ida, ya kuma hana ta ga wanda yake cikin haramar Hajji ko Umara. Sai dai matasanmu na Zango da ke sha'awar shiga wannan sana'a, da yawansu suna tsammanin da zarar bindiga ta zo hannu, sai daji. Ba haka ba ne. A Ghana takardu biyu ake buƙata, daga hukumomi biyu daban, kuma ɗaya ba ta wadatarwa ga barin ɗaya.

Takarda ta farko: lasisin bindiga

Wannan a hannun 'yan sanda take, bisa dokar makamai da harsashi ta 1972. Mai nema sai ya kai shekara 18, yana da cikakken hankali, kuma za a binciki halinsa kafin a amince. Ana rajistar bindigar da lambarta da sunan mai ita, ana kuma sabunta lasisin kowace shekara. A saya daga dillalin da gwamnati ta ba izini, a guji ta maƙeran ɓoye ko ta 'yan fasa-ƙwauri.

Muna jan hankali a kan bindigar gado. Idan mahaifi ya rasu, bindigarsa tana cikin dukiyar da za a raba, amma lasisinsa ba ya bin magaji. Wanda ta faɗa a rabonsa sai ya je wurin 'yan sanda a mayar da ita da sunansa. Haka nan ba a ba wa aboki aronta.

Takarda ta biyu: izinin farauta

Wannan kuma sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji ke bayarwa. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara an rufe farauta, saboda lokacin haihuwar dabbobi ne. Gyazbi kaɗai, wanda ake kira akrantie, aka togace, shi ma sai da izini. Giwa da zaki da damisa da dorina ba a taɓa su a kowane lokaci, kuma ba a farauta a gandun da aka killace kamar na Mole. Cinna wa daji wuta don korar nama laifi ne a doka, ɓarna ce a addini, ga gonakin mutane da take cinyewa. Bin waɗannan dokoki na cikin ɗa'a ga shugabanni a abin da ba saɓo ba.

Sharuɗɗan cin abin da aka harba

Malamai na baya-bayan nan, ciki har da Malikawa, sun halatta abin da aka harba da bindiga, domin harsashi yana huda jiki ya zubar da jini. Ga sharuɗɗan:

1. A yi Bismillah lokacin harbi. A mazhabar Malik, wanda ya manta zai ci, wanda ya bari da gangan ba zai ci ba.
2. A bi dabbar nan take. Idan an tarar da ita da rai, wajibi ne a yanka ta, don haka kada wuƙa ta rabu da mafarauci.
3. Idan an same ta a mace cikin ruwa, kada a ci, domin ba a san ko ruwan ne ya kashe ta ba. Hadisin Adiyyu bin Hatim ya yi bayanin wannan.
4. A nufi ci ko sayarwa. Annabi (SAW) ya hana mayar da mai rai abin gwada bara.

Kare rayuka

Annabi (SAW) ya hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa. Kada a harba cikin ciyawa don an ga motsi, sai ido ya tabbatar da abin da ke gaba da abin da ke bayansa. Wanda ya kashe mutum bisa kuskure akwai diyya da kaffara, ga shari'ar kotu. A gida a cire harsashi, a kulle bindiga wuri daban, nesa da yara. Muna ba mai farawa shawara ya fara bin tsohon mafarauci mai lasisi kafin ya fita shi kaɗai.

Allah ya tsare mu, ya ba mu halal mai albarka.