Iskokin fulorin: ina masana'antu ke amfani da su?

Iskokin fulorin rukuni ne na iskar gas da masana'antu ke haɗawa, kuma suna riƙe zafi a sararin samaniya fiye da hayaƙin kabon nesa ba kusa ba. Wanda aka fi amfani da shi a cikinsu shi ne HFC, da ake ɗura wa firji da na'urar sanyaya ɗaki da ta mota. Shi ya gaji CFC, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda yana cinye shimfiɗar ozon.

Wanda ba a cika zancensa ba, alhali ya fi su illa, shi ne SF6. Kamfanonin lantarki na cika manyan makunnan tashoshin wuta da shi, domin yana kashe tartsatsi kuma lantarki ba ya ratsa shi. Kilo ɗaya da ya tsiyaye yana ɗumama duniya daidai da kilo 23,500 na hayaƙin kabon cikin shekara 100, sannan yakan shafe ɗaruruwan shekaru a sama.

A 2016 ƙasashen duniya suka amince a Kigali su rage HFC. An ɗora wa Najeriya da takwarorinta rage kashi 80 cikin 100 nan da 2045. SF6 kuwa ba ya cikin wannan yarjejeniya.