Ranar da Jerin Hanyoyin Intanet Ya Fi Ƙarfin Rauta

Duk rubutun da muka tura daga waya, sai ya bi ta hannun wasu na'urori da ake kira rauta kafin ya isa. Aikin rauta kamar na ɗan kamasho ne a tasha: ta duba inda saƙo ya nufa, ta sa shi a hanya. Dole ke nan ta haddace jerin hanyoyi, kuma ƙwaƙwalwarta tana da iyaka.

Kakar rautocin yau, wadda ake kira IMP, an girka ta ne a jami'ar UCLA ta Amurka a 1969, da ƙwaƙwalwa mai kilobait 24 kacal. Hakan ya wadatar, domin har ƙarshen shekarar wurare huɗu ne kawai a haɗe.

A 1989 wasu injiniyoyi biyu, Kirk Lougheed na Cisco da Yakov Rekhter na IBM, suka zana tsarin BGP a kan takardun goge hannu a wurin cin abinci. Da wannan tsari ne kamfanonin sadarwa ke sanar da juna hanyoyinsu har gobe. Duk sabon kamfanin da ya shigo, sai jerin ya ƙara tsawo. A 1993 aka kawo dabarar CIDR mai dunƙule adireshi masu yawa a layi ɗaya. Ta rage wa jerin gudu, amma bai daina girma ba.

Ranar Talata, 12 ga Agusta 2014, tura ta kai bango. Manyan rautocin Cisco na da, irin su Catalyst 6500 da 7600, sun fito daga masana'anta da gurbin hanyoyi 524,288, wato 512K a lissafin kwamfuta. Dama jerin ya doshi wannan adadi, sai kamfanin Verizon ya saki ƙarin hanyoyi kimanin 15,000 na ɗan lokaci. Rumbu ya cika. Rautocin suka koma aiki da sanyin jiki, wasu suka riƙa zubar da saƙonni, shafuka da dama suka yi ta yankewa, musamman a Amurka.

Kada mu ɗauka gyaran kamar sauya memorin waya ne. Jerin yana zaune a wata ƙwaƙwalwa ta musamman mai tsada da ake kira TCAM, wadda ke liƙe a jikin katin na'urar. Mafita biyu ce: ko a sayi sabon kati, ko a gutsuro daga gurbin da aka ware wa sabon tsarin adireshi na IPv6, sannan a kashe na'urar a kunna. Cisco ya yi gargaɗi tun watan Mayu, amma kashe babbar rauta na nufin katse wa dubban mutane layi, shi ya sa wasu suka yi ta jan ƙafa.

Da jerin ya doshi 768K a 2019, an shirya tun da wuri, ranar ta wuce ba hayaniya. Yanzu ya haura 900,000, kuma kullum ƙaruwa yake yi.

Sai mako mai zuwa.