Gargaɗin Kwamfuta da Kunnen Likita: Taƙaitaccen Tarihi



Jawabina na yau ya shafi tarihin gargaɗin nan da kwamfuta kan yi wa likita sa'ad da yake rubuta magani, da kuma yadda aka yi wannan gargaɗi ya koma abin da ake gani ba a kulawa.

Al'amarin ya faro ne a Amurka. A cikin 1971 asibitin El Camino da ke Jihar Kalifoniya ya soma aiki da wani tsari wanda kamfanin Lockheed ya ƙago, inda likita zai shigar da umarninsa cikin kwamfuta maimakon rubutun hannu, wanda sau da yawa mai haɗa magani kan kasa karantawa. A cikin 1976 kuma Dokta Clement McDonald na Cibiyar Regenstrief ya nuna cewa likitoci sun fi aikata abin da ya kamata idan na'ura ta tuna musu. A ganinsa, yawancin kuskuren likita daga mantuwa yake tasowa, domin ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da iyakar abin da za ta riƙe.

Hujja mafi ƙarfi ta zo a 1998, lokacin da Dokta David Bates da abokan aikinsa a asibitin Brigham da ke Boston suka bayyana cewa irin wannan tsari ya rage munanan kurakuran magani da kashi 55 cikin ɗari. Shekara guda bayan haka, rahoton Cibiyar Nazarin Aikin Likita ta Amurka ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa kowace shekara a asibitocin ƙasar saboda kuskure. Sa'an nan a 2009 gwamnati ta kafa dokar ba asibitoci kuɗi domin su koma ga kwamfuta.

To, amma fa Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Masu ƙera tsarin, saboda tsoron shari'a, sai suka sa na'ura ta yi ta gargaɗi a kan komai, har a kan maganin da majiyyaci ya shekara goma yana sha lafiya. A 2006 Heleen van der Sijs ta birnin Rotterdam ta tattara binciken da aka yi, ta tarar likitoci suna tsallake kashi 49 zuwa 96 cikin ɗari na gargaɗin. Sau da yawa ma gaskiya tana wajen likitan, kuma nan haɗarin yake, gama hannun da ya saba da danna maɓallin wucewa ba ya tsayawa ranar da gargaɗin ya zama na gaske.

Haka ta faru a 2013 a wani asibitin koyarwa na San Francisco, kamar yadda Dokta Robert Wachter ya ba da labari. Likita ta yi nufin ba wani yaro miligiram 160 na maganin kashe ƙwayoyin cuta, alhali na'urar tana lissafi ne bisa kowane kilo na nauyinsa. Kwamfuta ta yi wa likitar gargaɗi, ta yi wa mai haɗa magani, duka suka wuce. Yaron ya sha ƙwaya 38 da rabi maimakon guda ɗaya, ya yi farfaɗiya, amma Allah ya yi da sauran kwanansa.

Saboda irin wannan ne masana suka karkata ga rarraba gargaɗi hawa-hawa, watau mai barazana ga rai ya tsai da likita cak, ƙarami kuwa ya bayyana a gefe ba tare da katse aiki ba. Ma'aikatan da ke zauren nan sun san makomar ofishin da ake buga wa kowace takarda hatimin gaggawa. Saboda haka, duk wanda a cikinku aka ɗora wa nauyin sayo wa asibiti irin wannan tsari, ya tambayi mai sayarwa sau nawa na'urarsa ke gargaɗi a yini, kuma nawa daga ciki likitoci ke bi.