Bayan An Ajiye Wuƙa

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a babban asibitin Talata Mafara, ko na Bakura, ko na Maradun, ya san lokacin da ake turo gado daga ɗakin tiyata, likita ya sauke ƙyallen bakinsa ya ce an yi aiki lafiya. Nan take mu hau waya: "An fito da ita." A gida a yi hamdala, wata gwaggo ta ɗauki alkawarin sadakar waina. A wurinmu magana ta ƙare ke nan. A wurin masu binciken tiyata kuwa, a nan take farawa. Sun daɗe kafin su gane haka, kuma wani yanki na ganewar a ƙasar Hausa aka yi shi.

Bari mu fara da abin da ke yawo a wayoyinmu. Akwai tiyatar da ba a farke ciki. Sai a huda ƙofofi uku ko huɗu masu kaurin yatsa, a hura iska ciki ya tashi, a zura kyamara, likita na aiki yana kallon allo. Laparoskofi sunanta, masu hali suna bin ta Kano da Abuja da Masar. A 1985 wani likitan Jamus, Erich Mühe, ya fara cire madaciya ta wannan hanya, 'yan'uwansa likitoci suka yi watsi da shi. Kafin shekara biyar abin ya kama Amurka kamar wutar daji, har wasu suna koyonsa a kwas na kwana biyu su dawo su gwada a kan mutane. A 1991 aka buga ƙidayar ayyuka 1,518 daga kudancin Amurka. A marasa lafiya 13 na farko da kowane rukunin likitoci ya yi wa aiki, sama da biyu cikin ɗari an ji musu rauni a bututun da ke kai ruwan madaciya hanji. Bayan hannu ya faɗa, abin ya koma ɗaya cikin dubu. Ashe masu zuwa da farko da jikinsu suke biyan kuɗin makarantar likita. Ba a kan allo aka ga wannan ba, sai da aka zauna aka ƙirga.

Irin wannan zaman an riga an yi shi a Zariya. Dakta Tahzib ya tattara bayanan mata 1,443 da suka zo asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da yoyon fitsari daga 1969 zuwa 1980, ya buga sakamakon a 1983. Kashi 83 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu: kan jariri ya tsaya ya danne mafitsara a jikin ƙashi, kwana biyu, kwana uku, har naman wurin ya mutu ya zube. Kashi 13 kuwa yankan gishiri ne.

A nan sai mu ɗan tsaya, don wannan tiyatarmu ce ta gida. Ungozoma ko wanzami, wani lokacin matar da kanta, kan sa aska ko reza a yi yanka a gaban mace da nufin buɗe hanya, ko don naƙuda ta ƙi ci gaba, ko don wani ciwo da aka kira gishiri. Ba da mugunta ake yi ba. Wanzamin da ya yi mana kaciya, ya yi wa kakanninmu ƙaho, mutum ne mai daraja a gari. Sai dai yana ganin matar da ya yanka ta tashi, to ba shi da littafin da zai nuna masa waɗanda askar ta zarce ta huda musu mafitsara, suka ƙare a ɗakin baya na gidan iyayensu, miji ya sake su, mutane suna toshe hanci. Kowane wanzami ɗaya ko biyu ya sani, sai ya ce ƙaddara ce. Da aka haɗa su wuri ɗaya a takarda, sai ga mata kusan ɗari biyu a asibiti guda.

A wancan zamanin dai Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979. Cikin matan da suka rasu, fiye da tara cikin goma waɗanda ba su yi awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kawo su.

Wanda ya fi kowa riƙe littafi shi ne Dakta Kees Waaldijk, mutumin Holan. A 1983 ya zo Babbar Ruga ta Katsina don aikin kuturta, ya tarar da masu yoyon fitsari ba mai kula su, ya shiga yi musu ɗinki. Kowace mata sai ya rubuta girman ƙofar, inda take, yadda ya ɗinke, da abin da ya biyo baya. Ka'idar da ya tarar a littattafan likitanci ita ce a bar mace wata uku tana yoyo kafin a taɓa ta, wai sai naman ya huce. Wata uku! A cikinsu ne aure ke mutuwa. Shi kuwa sai ya riƙa sa robar fitsari da zarar an kawo mace, idan ƙofar ba ta rufe ba ya ɗinke da wuri. A 2004 ya buga abin da ya samu a kan mata 1,716 da aka kawo da sabon rauni. Guda 265 robar kaɗai ta warkar da su, ba a sa musu wuƙa ba. Gaba ɗaya kuma fiye da tara cikin goma ƙofar ta rufe tun a karon farko. Robar nan ba kayan Masar ba ce, duk ma'aikaciyar jinya da ke Bakura ta san yadda ake sa ta. Yau Babbar Ruga cibiya ce ta ƙasa, matan yankinmu kuma ana kai su asibitin Farida a Gusau ko na Maryam Abacha a Sakkwato.

Wata babbar ƙidaya a nahiyarmu ta zo a 2016. Asibitoci 247 a ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, suka rubuta duk baligin da aka yi wa tiyata cikin mako guda, mutum 11,422. Mujallar Lancet ta buga sakamakon a 2018. Kusan ɗaya cikin biyar ya samu matsala bayan aiki, galibi ƙwayoyin cuta ne suka shiga. Mutum 239 suka rasu. Marasa lafiyar sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙoshin lafiya, amma haɗarin mutuwarsu bayan tiyatar da aka shirya ya ninka na duniya sau biyu. Kuma cikin 239 ɗin nan, 14 kaɗai suka rasu a ranar aikin. Sauran duk cikin kwanakin da suka biyo ne, lokacin da mu mun riga mun gama buga waya. Zazzaɓi ya tashi, numfashi ya yi sauri, ciki ya kumbura, fitsari ya ɗauke, ba a lura da wuri ba, don ma'aikata sun yi kaɗan. Sau da yawa idon da ya fi kusa da gadon namu ne, mu da ke shimfiɗe a tabarma a ƙasa, kuma ba wanda ya taɓa gaya mana abin da za mu duba.

Ko wannan babbar ƙidayar ma a ƙofar asibiti ta tsaya, waɗanda suka rasu a kan gado kaɗai ta ƙirga. Matar da aka yi wa aiki a Gusau, kuɗi suka ƙare aka sallame ta a kwana na huɗu, ta koma wani ƙauye a bayan Maradun inda mota ba ta shiga idan la'asar ta yi saboda 'yan bindiga, ɗinki ya ruɓe ta cika bayan mako guda, ba ta cikin lissafin kowa. A littafin asibiti, a gaban sunanta, abin da aka rubuta shi ne an sallame ta lafiya.