Shaihu Umar da Labarin Yusufu

A 1934 aka buga Shaihu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, bayan gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya. Labari ne na iyalin da zamanin bauta ya watsa.

Mai karanta Farawa 37 zuwa 50 zai ga kamanni. Hassadar fadawa ta sa aka kori Makau, mijin uwar Umar, daga Kagara, kamar yadda hassadar ƴan'uwa ta raba Yusufu da gida. Aka sace Umar yana yaro, Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi daga Kano zuwa Masar, a can ya sami ilimi da daraja. Marubucin Musulmi ne, Alƙur'ani kuwa yana da sura guda a kan Yusufu. Saboda haka labarin sananne ne ga maƙwabtanmu a Gwandu da Kalgo, ƙofa ce kuma ta zance da su.

Sai dai mu lura da inda labaran suka rabu. Yakubu ya yi shekara 17 a Masar bayan ya sake ganin ɗansa (Farawa 47:28). Uwar Umar kuwa ta fita nemansa, aka bautar da ita, aka ƙetara hamada da ita, ta rasu jim kaɗan bayan saduwarsu.

A ikilisiyoyinmu akwai iyalan da ƴan bindiga suka raba da gidajensu. In muna musu wa'azi a kan Yusufu, kada mu yi alkawarin da Nassi bai yi ba, wai kowa zai koma gida. Abin da Farawa 39 ya nanata shi ne Ubangiji yana tare da Yusufu, a gidan bauta da cikin kurkuku. Wannan za mu iya faɗa musu babu shakka.