Me Ke Riƙe Da Katakon Jirginka?

Makon jiya na karanta rubutun wani ɗan uwa, inda jarumi ya shiga jirgin ruwa a zamanin daular Mali, har masassaƙi yana doka ƙusoshi. Nan na tsaya. Mu 'yan Kiru, jirgin da muka sani shi ne kwale-kwalen masuntan Tiga, dam ɗin kuwa sai a 1974 aka gama shi, shi ya sa muke zaton haka jirgi yake tun fil azal.

A 1353 Ibn Battuta ya bar Tumbutu zuwa Gao cikin ƙaramin jirgi da aka fafe daga gungume ɗaya. Irin wannan jirgi, faɗin bishiya ne iyakar faɗinsa. To, ina mafita a ƙasar da manyan itatuwa suka yi ƙaranci, ga buhunan hatsi na jiran a kai Tumbutu? Sai ɗinki. A huda gefen falankai, a zarga igiyar kaba a ɗaure tamau, a cushe kafofin da dakakkiyar ciyawa da laka. A irinsa Bafaranshe René Caillié ya taso daga Jenne zuwa Kabara a 1828, kuma ya ce kullum akwai masu kwarfe ruwa da ƙwarya. Ni dai da zan rubuta labarin, mai ƙwaryar nan zan ba baki.

A Bahar Rum kuwa wata hanya aka bi. Mutanen da, gangar jikin jirgi suke fara haɗawa: a fafe rami a gefen kowane falanki, a cusa ɗan katako ya kama na kusa da shi, daga baya a sa haƙarƙari. Aiki ne mai ƙarko, amma yana cin lokaci da hannun gwani. Jirgin da ya nutse a Yassi Ada ta Turkiyya wajen 625 ya nuna an fara rage ramukan. Na Serçe Limanı, wanda ya nutse wajen 1025 da lodin fasassun gilasai, babu su sam: an tsayar da ƙashin baya da haƙarƙari tukuna, sannan aka bi da falankai ana kafewa da ƙusa.

Don haka ƙusar ɗan uwanmu ba ƙarya ba ce a wancan zamani, ruwan da ya kai ta ne ba nata ba. Na ba shi shawara ko dai ya mayar da jarumin Iskandariyya, ko ya miƙa wa masassaƙin igiya.