Yadda Aka Koyi Tace Haidirojin

Haidirojin iska ce mai wuyar ajiya da safara, shi ya sa tun da daɗewa masana ke ɓoye ta cikin wani sinadari, su sako ta a inda ake bukata. Matsalar ita ce sau da yawa ba ta fitowa ita kaɗai; iskar kabon dayoksaid na biye da ita.

Masana'antar BASF da ke Oppau a Jamus, wadda ta fara sarrafa amoniya a 1913, ta sha fama da raba kabon dayoksaid da haidirojin da take haɗa amoniyar da ita. Dabarar farko ita ce wanke iskar da ruwa ƙarƙashin matsi, ruwan ya shanye kabon ɗin. A 1930 Robert Bottoms na Amurka ya yi rajistar hanyar da ta fi: ruwan sinadarin amin yana kama kabon ɗin in yana da sanyi, ya sake shi in an dumama, sai a mayar da shi aiki. Har gobe ana amfani da ita. A masana'antun taki, kabon ɗin da aka kama shi ake haɗawa da amoniya a samu yuriya da manomi ke zubawa a gona.

A 1960 Charles Skarstrom na kamfanin Esso ya yi rajistar wata hanya mai kama da rariya. A tura iskar da ƙarfi cikin tankuna cike da ƙwayoyin ziyolait ko gawayi, dattin ya maƙale, haidirojin ta wuce. A rage matsin, tankin ya amayar da abin da ya riƙe.

Duk waɗannan kayan manyan masana'antu ne. Da kamfanin Daimler ya fito da motar gwaji ta NECAR 3 a 1997, mai ciro haidirojin daga metanol tana cikin tafiya, na'urorin sun cinye kujerun baya. Nan ne gizo ke saƙa.

A 2008 tawagar Matthias Beller a Rostock da ta Gábor Laurenczy a Lausanne suka nuna cewa asid ɗin fomik, wanda wasu tururuwa ke fesawa, yana sakin haidirojin ba tare da zafi mai yawa ba. Lita ɗaya na ɗauke da giram 53. Sai dai rabin iskar da ke fita kabon dayoksaid ce. In aka kama ta, ana iya sake haɗa ta da sabuwar haidirojin ta koma asid ɗin.